LTspice da lissafin hayaniyar TIA: abin da na gani bayan wata biyu

Wata biyu kenan ina amfani da LTspice, manhajar gwada sakit a kwamfuta (similashin), wajen zana wani ƙaramin amfilifaya na transimpedance (TIA), wato sakit ɗin da yake karɓar ɗan ƙaramin karan na fotodayod ya mayar da shi boltej, kuma gaskiya ta ɓangaren hayaniya (noise, wato ƙananan motsin lantarki da ke gurɓata sigina) manhajar nan ta yi mini rana. Kyauta ce, Linear Technology ne suka yi ta kafin Analog Devices su saye su a 2017, kuma ko a tsohuwar laftof ɗina ba ta jan ƙafa.

Sakit ɗina ba wani babba ba ne, fotodayod BPW34 ce da op-amp (cif ɗin amfilifaya) LTC6268 da rizista 1MΩ a fidbak. Layi ɗaya zaka rubuta na .noise ka nuna mata fita da kuma tushen karan na shiga, sai ta zana maka onoise da inoise, onoise hayaniyar da ke fita ce, shi kuma inoise ɗin shi ne hayaniyar da aka mayar bakin shiga. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka danna kan rizista take zata nuna maka nata kason ita kaɗai. Tawa, da na mayar da ita bakin shiga, ta ba da kusan 0.13 pA/√Hz, na ɗauko biro na buga tushen 4kT/R, ya fito daidai wallahi, a nan na fara yarda da ita.

Amma fa abin da ka zuba mata shi take dafa maka. Farko na sa tushen karan tsura a madadin dayod ɗin, graf ya kwanta lafiya lau, da na haɗa bod na jona osiloskof sai ga hayaniya ta yi tsiri a sama. Ashe kafasitans ɗin dayod ne ban sa ba, BPW34 tana da wajen 70pF in ba a ba ta bayas ba, ita kuwa hayaniyar boltej ta op-amp idan ta haɗu da wannan kafasitans tana hawa ne tare da firikwensi. Da na sa shi sai na ga tun kafin 100kHz ta haura ta rizista. Na ba dayod ɗin bayas na baya, kafasitans ya sauka, tsirin ya ragu sosai.

Haka shot noise, wato hayaniyar da karan ɗin dayod da kansa yake kawowa, tushen karan na similashin ba shi da ita sam, kai zaka ƙara, kuma 1µA kaɗai tana kawo kusan 0.57 pA/√Hz, ta ninka ta rizistan fiye da sau huɗu. Akwai ma wani model ɗin op-amp da na sauke daga shafin wani kamfani, hayaniyarsa ba ta yi kama da ta datashit ba ko kaɗan, tun daga nan kowane model sai na gwada shi shi kaɗai tukuna.

A kula da inoise wajen haɗa jimla. Inda gen (ƙarfin ninkawar amfilifaya) ya faɗi, layin yana tashi sama kamar ba iyaka, in ka riƙe Ctrl ka danna kan sunansa don ganin jimlar zai ba ka adadi mai tsoratarwa. Ni onoise nake haɗawa sannan in raba da 1MΩ.

Fuskar manhajar ta tsufa, sabon shiga zai ɗan sha wuya da maɓallanta. Duk da haka ɗalibin injiniyanci da ba shi da kuɗin lasisi, ita zan ce ya sauke, ya sa kafasitans ɗin dayod tun a zanen farko.