Jaguar XK120 da Mercedes-Benz 300 SL: gudu da daɗin tuƙi

Ɗan'uwa, ka tambaya wacce ta fi a tsakanin waɗannan tsofaffin motocin alfarma biyu ta fuskar gudu da natsuwa a kan titi, kuma amsar ta rabu gida biyu.

Idan gudu ake magana, Mercedes ce a gaba. An fara nuna XK120 a Landan a 1948, da inji mai silinda 6 da lita 3.4, mai ƙarfin doki 160, kuma a 1949 ta haura kilomita 210 a awa a gwajin da aka yi mata a Jabbeke ta ƙasar Beljiyam. Ita kuwa 300 SL ta bayyana ne a New York a 1954, kuma duk da injinta lita 3 ne kawai, yana ba da ƙarfin doki 215, saboda an yar da kafireta an sa injektar Bosch mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Sai dai a tuna da tazarar shekara 6 da ke tsakaninsu, da kuma cewa kuɗin Mercedes a Amurka ya kusa ninka na Jaguar.

Wajen natsuwa ne lamarin ya fi sarƙaƙiya. Firam ɗin bututun ƙarfe da injiniyan Mercedes, Rudolf Uhlenhaut, ya tsara ya tashi sama a gefe, shi ya sa ƙofofin 300 SL suke buɗewa sama, har sai direba ya lanƙwaso sitiyari ƙasa kafin ya zura ƙafafunsa. Gilashin ƙofa ba ya sauka, don haka cikin motar yakan yi zafi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar baya: idan direba ya saki totur a tsakiyar kwana yana cikin gudu, bayan motar yana iya kwacewa ba zato.

XK120 ma tana da nata. Birkinta yana rage kamawa idan ya ɗau zafi, giyarta, ƙirar kamfanin Moss, tana yin ƙara idan aka gaggauta ta, kuma dogon mutum yakan takura a mazauni. Amma injinta yana ja cikin laushi tun daga ƙaramin gudu, kuma halinta a kwana ba ya ɓoyuwa ga direba.

A ganina, Mercedes ta fi fasaha da ingancin ƙira, amma sai a hannun ƙwararre. Wanda yake son tuƙi ba tare da fargabar kwana ba, Jaguar zan nuna masa.