Wane hoto ya dace a fara da shi idan an ga tsiro a maɗaciyar mai sikila?

Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120, kuma abin da suke bari yana taruwa a maɗaciya ya zama tsakuwa ko laka mai kauri. Kusan haka abin yake ga masu talasimiya, wata cutar jini ta gado da ita ma ke sa jajayen ƙwayoyin jini mutuwa da wuri. Matsalar ita ce lakar kan dunƙule ta yi kama da tsiro a hoto, shi ya sa zaɓen gwaji ke buƙatar natsuwa.

Sikanin ciki na yau da kullum shi ne ya kamata a fara da shi, domin ba ya amfani da radiyeshin kuma ya fi sauran sauƙi. Ƙwararren mai ɗaukar hoto zai sa majinyaci ya juya gefe: tsakuwa tana gangarawa ta kuma yi inuwa a bayanta, laka tana sauya wuri a hankali, tsiro kuwa yana nan maƙale da bango. Ana buƙatar barin abinci na sa'o'i 6 zuwa 8, amma a ganina kuskure ne babba a hana mai sikila ruwa, tun da ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da ciwon.

Hoton CT, wanda ake ɗauka da radiyeshin, bai da amfani sosai wajen ƙananan tsiro, kuma ruwan da ake sawa a jijiya don hoton ya fito sosai yana bukatar a duba lafiyar ƙoda tukuna, wadda sikila kan raunana. Ƙarfinsa yana wajen gano ko sankara ta bazu.

Hoton MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi CT dacewa idan sikanin bai warware shakka ba, domin yana nuna bututun ɗaci, yana kuma iya auna ƙarfen da ya taru a hantar wanda ake yawan yi wa ƙarin jini. Sikanin da ake zura na'urarsa ta baki ya fi fito da ƙananan abubuwa, sai dai yana buƙatar maganin barci da kula da iskar numfashi.

Yawancin ƙananan tsiro ba sankara ba ne. Wanda ya kai milimita 10 akan ba da shawarar cire maɗaciyar, na milimita 6 zuwa 9 kuwa akan riƙa maimaita sikanin, kuma likitan jini ya shiga shawarar kafin duk wata tiyata.