Hattara da mai tallar "kujerun zamanin gurguzu" a intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ke tallar tsofaffin kujeru da kabad-kabad na ƙasashen Gabashin Turai a Facebook da Instagram, wai na zamanin mulkin gurguzu ne. Masu ƙawata gidaje da masu buɗe wuraren shan kofi a Abuja da Kano yake farauta, sai kuma 'yan uwanmu mazauna Jamus. Kama sunansa ba shi da amfani, don shafin nasa rikiɗa yake kamar hawainiya, yau da wannan suna, gobe da wancan. Kada kowa ya tura masa ko sisi.

Kayan da ke cikin hotunansa na gaske ne, shi ya sa mutane ke faɗawa. Akwai kujerar nan mai lamba 366 da Józef Chierowski ya zana a Poland a 1962, mai siraran ƙafafu da hannuwan katako. Akwai dogayen kabad na Jiří Jiroutek daga Chekoslobakiya, masu ƙofofi kala-kala, da kayan masana'antar Hellerau da ke Dresden a Jamus ta Gabas. Bayan rushewar katangar Berlin a 1989 mutane da yawa sun watsar da irin waɗannan kaya, yanzu kuma yayinsu ya dawo, farashi ya tashi. Sai dai hotunan ba nasa ba ne, daga shafukan dillalai na gaskiya yake kwasowa.

Ƙaryarsa ta farko ita ce ta ƙarancin kaya. Zai ce maka 'yan ƙalilan suka rage a duniya, kuma wani Bature na jira, in ba ka biya yau ba ta wuce ka. Haba! Kujerar 366 fa kusan rabin miliyan aka ƙera, tana gidaje da ofisoshi da wuraren shan shayi a ko'ina cikin Poland. Ai ma'anar kayan wancan zamanin ke nan, a yi su da yawa don ƙananan ɗakunan ma'aikata. Tun 2014 ma wani kamfani ke ƙera sababbi da izinin masu haƙƙin zanen. Saurin me ake yi?

Inda asirinsa ya fi tonuwa shi ne takardar shaida. Wata 'yar uwa da ta nemi hujja, sai ya turo mata hoton wata takarda manne a bayan kabad, an sa 1965, kuma an rubuta cewa a Jamhuriyar Czech aka ƙera. Ita wannan ƙasa sai 1 ga Janairu 1993 aka kafa ta, bayan rabuwa da Slobakiya. Kayan 1965 sunan Chekoslobakiya za a gani a jikinsu. Haka na Jamus ta Gabas, galibi akwai haruffan VEB kafin sunan masana'anta, alamar mallakar gwamnati ce, kuma wannan tsari ya ƙare a 1990. Ko ƙaryar ma bai iya ba.

Daga nan sai wasan da aka saba. A ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, cikin asusun wani mutum da sunansa ya sha bamban da na shafin. Ya turo rasit da lambar bin diddigin kaya da ba ta nuna komai. Bayan 'yan kwanaki, wai kwantena ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Hamburg da ke Jamus, a ƙaro kuɗin kwastan. Sai na inshora, sai na feshin maganin ƙwari. Ranar da ka ce ba ka da shi, ranar zai toshe ka. Wasu kuma ba kujera yake sayar musu ba, jari yake cewa su zuba, zai sayo a Poland da araha ya sayar a Berlin a raba riba.

Duk mai son irin waɗannan kaya da gaske, ya nemi a kira shi ta bidiyo kai tsaye, a kifa kujerar yana kallo. Wadda ba a gyara ba, sosonta ya riga ya bushe, yana marmashewa ya zama gari in an taɓa, katakon hannuwa kuma ya goge a inda ake dafawa. In an gyara, dillalin kirki zai faɗa da bakinsa, har ya nuna hotonta kafin gyara. Shi wannan mutumin kullum sito ya yi nisa, ko kyamara ta lalace. A kuma sa hoton a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa nan take ainihin mai shi ke fitowa. Mai kasuwanci a Poland yana da lambar haraji da ake kira NIP, ana iya duba ta kyauta a rajistar 'yan kasuwa ta gwamnatin Poland da ke intanet, wato CEIDG ko KRS. A tambayi mai tallar tasa lambar a ga abin da zai ce.

Ni a ganina ma, kafin mutum ya biya kuɗin jirgi ya kawo katako mai shekara 60 ya haɗa shi da bushewar hunturun Kano, ya fara zama da ƙwararren kafinta na gida tukuna.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirarsu. Ya ɗauki hoton komai, da lambar asusun da rasit, ya sanar da bankinsa yau ɗin nan, sannan ya kai ƙara EFCC in yana Najeriya, ko ofishin 'yan sanda in yana Jamus. Idan kuma wani ya kira yana cewa zai dawo maka da kuɗin in ka biya ladan aiki, kashe wayar, su ne dai suka sake dawowa. A tura wa sauran 'yan uwa don Allah.