Garmin Forerunner 55 bayan wata goma a hannuna, agogon da ya koya min rage gudu

Wata goma kenan ina ɗaure da agogon nan, nayi tsere biyu da shi, ɗaya na kilomita 10 ɗaya kuma rabin fanfalaki, shi yasa nake ganin yanzu zan iya buɗe baki nayi magana a kanshi. Ni dai ba wani ɗan wasa bane, shekarata 36, ina da aikina, sau huɗu nake fita gudu a sati kuma yawanci da sassafe ne kafin gari ya gama wayewa, don haka duk abinda zan faɗa a nan na irinmu ne masu gudun sha'awa, ba na masu neman kofi ba.

Kafin na saye shi kullum gudu ɗaya nake yi, wato in na fita sai na ga iyakar numfashina, a tunanina in ban dawo gida ina haki kamar zan faɗi ba to ban yi komai ba ranar. Da wannan tunanin na shiga rabin fanfalaki na farko, kilomita 21.1 ne, aka busa na bi ayarin farko da ƙarfina, jiki yana daɗi mutane suna ta ihu, ban san cewa bashi nake ci ba. Wajen kilomita na 15 ƙafafuna suka koma kamar itace, cinyoyina sun ƙi ɗaguwa, bakina ya bushe har harshe yana manne wa, na tsaya na dafa gwiwa ina kallon mutanen da na wuce tun farko suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, wasu ma suna hira. Da tafiya na ƙarasa, awa 2 da minti 24. Wallahi abin ya daɗe yana min ciwo a rai saboda nasan nayi atisaye, wata uku ban huta ba, sai daga baya na gane ba ƙarfi na rasa ba, lissafi ne babu.

Shi agogon kanshi ba sabon fitowa bane, tun 2021 yake kasuwa kuma a layin Forerunner yana cikin na ƙasa ƙasa, na masu farawa. Bashi da nauyi ko kaɗan, giram 37 ne, har mantawa nake yana hannuna. Yana da GPS, yana auna bugun zuciya daga wuyan hannu, ruwa baya shigarshi ko da wanka ko iyo. Kamfanin yace batirin yana kai sati biyu in ba'a kunna GPS ba, awa 20 kuma in a kunne yake, ni da nake gudu sau huɗu a sati nakan sa shi caji duk bayan kwana takwas ko tara. Sikirin ɗin ba na taɓawa bane, maɓalli biyar ne a gefe, da farko na ɗauka koma baya ne amma ranar da zufa ta jiƙe min yatsu tsamo tsamo ina son danna zagaye a tsakiyar gudu sai na gode da hakan, ka danna ka ji ya danne shikenan. Kuma irin sikirin ɗin nan ne da in rana ta haske shi ƙara fitowa yake yi.

Amma abinda ya canza min gudu gaba ɗaya shine ƙararrawar bugun zuciya. Zaka sa mishi iyaka, da zarar zuciyarka ta haura sai ya girgiza a hannunka. Satin farko da na gwada duk bayan minti biyu sai naji zzzt, na rage, zzzt, na ƙara ragewa, har saida na koma wani gudu da nake jin kamar mai saurin tafiya ma zai kamo ni, kilomita ɗaya a minti 7 da ɗoriya. Raina bai so ba gaskiya. Amma na riga na karanta aikin Stephen Seiler, masanin da yayi nazarin yadda manyan 'yan wasan juriya suke atisaye, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yinshi, ragowar ne kawai mai zafi, to in waɗanda gudu ne abincinsu haka suke yi ni me zai sa na dinga kashe kaina kullum. Gudun sannu shi yake gina tushe, zuciya tana ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka, jiki yana ƙara iya ƙona kitse, kuma mafi muhimmanci washegari zaka tashi da sauran ƙarfi a ƙafarka. Na daure. Bayan kamar wata uku sai na lura a bugun zuciya ɗaya ɗin nan, 145, gudun da nake yi a 7:10 ya dawo 6:25, ban ƙara wahala ba ko kaɗan. Ranar da na ga haka a manhajar Garmin Connect na daɗe ina kallon wayar.

Wani abu da zan ja kunne a kai, lissafin nan na cire shekarunka daga 220 don sanin ƙololuwar bugun zuciyarka ƙiyasi ne kawai, ni ya bani 184 amma a ƙarshen tseren kilomita 10 na ga 191 da idona, don haka in ka samu lambarka ta gaskiya ka shiga ka gyara da hannu in ba haka ba duk iyakokin da agogon zai yanka maka zasu karkace. Gwajin da baya ƙarya dai shine in kana iya magana jimla cikakkiya kana gudu to kana inda ya kamata.

Ranar tseren rabin fanfalaki na biyu kuma ga yadda nayi da shi. Burina na sauka ƙasa da awa 2, wanda yake nufin 5:41 a kowace kilomita. Na cire lambar saurin nan take daga fuskar agogon saboda tana tsalle tsalle, haka GPS yake a kowane agogo musamman tsakanin dogayen gine gine ko ƙarƙashin bishiyoyi, na bar matsakaicin saurin kilomitar da nake ciki da jimillar lokaci da nisa, uku kawai. Akwai PacePro a ciki, a waya kake tsarawa ka faɗa mishi nisa da lokacin da kake so, har zaka iya ja ka ce kana son rabin farko ya fi na biyu sanyi sai ya raba maka kilomita kilomita. Haka nayi. Kilomita ukun farko da kyar na riƙe kaina, kowa yana wuce ni, ƙafa tana cewa mu tafi agogo yana cewa kana gaba da tsari da sakan 12, na bi agogon. Ai ko Kelvin Kiptum da ya kafa tarihi a cikakken fanfalaki, mai ninki biyu na nisan da nake gudu, a Chicago a 2023 da 2:00:35, rabin gudunshi na biyu ya fi na farko sauri, shima Eliud Kipchoge lokacin da yayi 1:59:40 a Vienna a 2019 mota ce a gabanshi tana haska musu layi a ƙasa don kada saurin ya kauce, kaga ko su basa barin abin a hannun zumuɗi. Na gama a 1:58:40, kuma a kilomita na 18 ni nake wuce mutane.

Sai maganar ci a hanya, wadda da ban ma san da ita ba sam. Sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta bashi da yawa, in kana gudu da ƙarfi wajen minti 90 zuwa awa biyu ya fara ƙarewa, abinda ya same ni kenan a tseren farko tunda ruwa kawai na sha. Shawarar masana ga gudun da ya wuce awa ɗaya ita ce giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci duk awa, masu dogon zango da suka wuce awa biyu da rabi har 90 suke kaiwa. Jel ɗin gudu, wato sukari mai kauri a 'yar leda da ake tsotsa ana gudu, guda ɗaya yawanci giram 20 zuwa 25 ne a ciki. Matsalar ita ce in kana cikin tsere mantawa kake yi, kuma in ka bari sai kaji yunwa ko jiri to ka makara. Na sa agogon ya dinga girgiza duk minti 35, yana yi sai na zaro jel daga aljihun wando na yage bakin da haƙori na tsotsa kaɗan kaɗan har na isa teburin ruwa na kora, guda uku na sha a tseren, yatsuna duk sun yi danƙo amma ƙafata bata mutu ba. Don Allah kar ka fara gwada jel ranar tsere, akwai wani iri da na taɓa gwadawa a atisaye ya murɗa min ciki saida na katse gudun, ciki ma sai an saba mishi, kayi ta gwadawa a dogon gudunka na ƙarshen sati har ka samu wanda ya karɓe ka. Ruwa kuma ba'a ɗura shi babu lissafi, in yayi yawa yana tsinka gishirin jini kuma abin yana da haɗari sosai, ka sha daidai ƙishi.

Kar ka damu in ka gama tsere agogo ya nuna maka fiye da nisan da aka ce, ni 21.3 ya nuna min. Masu auna hanyar tsere da keke suke aunawa kuma layi mafi gajarta suke bi a kowace kwana, kai kuma kana kauce wa mutane kana ratsewa wajen ruwa. Abinda hakan yake nufi shine mai neman awa 2 ya nufi 5:37 ko 5:38 a agogonshi, in ya tsaya a 5:41 cif zai iya rasa ta da minti guda.

Abubuwan da bashi da su a bayyane suke, baya ajiye kiɗa, babu taswira, babu na'urar auna tsayin wuri ta hanyar matsin iska irin ta manyan agogo, mai gudun duwatsu ya duba wani. Awon zuciya daga wuyan hannu kuma a kowane agogo yakan yi jinkiri a gajerun gudu masu zafi ko in gari yayi sanyi, ka ɗaure shi da kyau sama da ƙashin wuyan hannu, in kana son daidai sosai yana haɗuwa da bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya. Hasashen lokacin tsere da awannin hutun da yake baka ka ɗauke su a matsayin shawara, in ya ce ka warke amma gwiwarka tana maka magana to gwiwar zaka saurara. Garmin Coach kyauta ne a manhajar, yana da tsarin atisayen kilomita 5 da 10 da rabin fanfalaki, na Jeff Galloway mai haɗa gudu da tafiya na baiwa ƙanwata da take farawa kuma taji daɗinshi, agogon ne yake faɗa mata lokacin gudu da lokacin tafiya.

In kana gudun minti ashirin ne don lafiya kawai, wayarka ta ishe ka, ka riƙe kuɗinka ka sayi takalmi mai kyau. Amma in ka fara sa ran tseren kilomita 10 ko sama da haka kuma kasan halinka na tashi da zafi irin nawa, wannan ya wadatar, ban ga abinda manyan zasu ƙara min a yanzu ba. Da shi nake shirin cikakken fanfalaki na farko insha Allah, kilomita 42.195, na riga na matso da ƙararrawar jel zuwa minti 30 ina gwadawa a dogon gudu.