Mahudin ƙasa mai bututu: ga wanda ciyawar gidansa ta ƙi kore

Da yawa daga gidajen unguwannin GRA da Barhim a Katsina da ciyawarsu ke rawaya ba ƙarancin ruwa ke damunsu ba. Marmara aka cika tsakar gida da ita lokacin gini, tifa ta taka, yara suka bi da ƙwallo, ƙasar ta koma daɓe. Kana ban-ruwa da tiyo, ruwan na gangarewa kwata, saiwa ba ta samu ba. Don irin wannan ƙasa aka yi mahudin nan.

Ƙarfe ne mai tsawon da ya kai ƙugu, da mariƙi a sama, da matakin ƙafa, sai bututu biyu a ƙasa masu faɗin kusan rabin inci. Ka taka, bututun ya nutse, ya fito da curin ƙasa kamar ɗan yatsa. A nan ya fi takalmin nan mai ƙusoshi da ake tallatawa a intanet. Ƙusa ba ta cire komai, ture ƙasa take yi gefe, bangon ramin ya ƙara tauri. Takalmin asarar kuɗi ne, ga igiyarsa na kwancewa.

Kafin ka saya, soka sukundireba a ƙasar bayan ban-ruwa. In ta shige inci 4 ba wahala, ƙasar ba ta daɓe ba, ajiye kuɗinka.

Aikin yana son damshi. A jiƙa wurin yau, a huda gobe. A busasshiyar marmara bakin bututun lanƙwashewa yake, a caɓi kuma toshewa yake, kuma toshewar nan ce babban aibinsa: sai ka riƙe guntun rodi kana zungure shi lokaci-lokaci. Zurfin rami inci 2 zuwa 3, tazara kamar inci 4, a matse su a inda aka fi takawa. A fara sanin inda bututun burtsatse da wayar fitilun tsakar gida suka bi, domin da yawa ba a binne su da zurfi.

Curin da ya fito, in jar marmara ce, a kwashe da manjagara. Sai a haɗa baro biyu na yashi da baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a watsa, a share da tsintsiya har ramukan su cika. Ɗanyen kashin shanu kuwa gayyatar gara ne, ga irin ciyayi da yake kawowa.

Lokacinsa farkon damina, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, lokacin da ciyawar ƙiri-ƙiri ke yaɗo da ƙarfi ta rufe ramukan cikin mako biyu ko uku. A bazara ramin ƙara busar da saiwa yake, a hunturu kuma ciyawar ba ta da kuzarin farfaɗowa. Sau ɗaya a shekara ya isa.

Gaskiya akwai gajiya. Ƙaramin filin ƙofar falo zai ɗauki yamma guda, amma babban fili sai an samu matasa biyu suna karɓa-karɓa. Wajen saye a duba waldar da ta haɗa bututu da mataki, nan yake fara karyewa, kuma a zaɓi mai tsaga a gefen bututu don curin ya riƙa fita da kansa. Bayan aiki a wanke, a shafa baƙin mai saboda tsatsa.