Anghami da muryoyin matan Larabawa

Duk wanda ya tambaye ni inda zai ji mawaƙa mata na ƙasashen Larabawa, Anghami nake nuna masa. Manhajar waƙoƙi ce da aka kafa a Beirut a 2012, daga baya hedikwatarta ta koma Abu Dhabi.

A nan na saurari Emel Mathlouthi 'yar Tunisiya da kyau, wadda ta rera waƙa a bikin kyautar Nobel ta zaman lafiya a Oslo a 2015. Sa abin sauraro a kunne ka ji yadda take jan murya ƙasa-ƙasa, can sai ta ɗaga ta har tsigar jikinka ta tashi. Ko ba ka jin Larabci sai ta taɓa ka.

Akwai kuma Elyanna, Bafalasɗiniya haifaffiyar Nazarat, wadda a 2023 ta zama ta farko da ta yi wasanta kaf da Larabci a bikin waƙoƙi na Coachella a Amurka. Ita kam kiɗanta na rawa ne, ban cika kunna ta da dare ba.

A Anghami ta kyauta akwai talla tsakanin waƙoƙi. In kana son saukewa ka ji ba intanet, sai ka biya kuɗin wata.