Sharhi: zaman karatun Moby-Dick na mako 12

Zaman ta intanet ake yin sa, sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi, da jagora guda da masu karatu goma sha biyu. Littafin da aka sa a gaba shi ne Moby-Dick na marubucin Amurka Herman Melville, wanda ya fito a 1851, labarin wani kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Ahab da ke farautar wani ƙaton farin kifi da ake kira Moby Dick. Na gamsu da zaman, sai dai rabon karatun yana buƙatar gyara sosai.

Littafin babi 135 ne da ɗan rufewa a ƙarshe. Masu shiryawa sun raba shi daidai wa daida, kusan babi 11 a mako, kuma nan ne kuskuren yake, domin babukan ba nauyinsu ɗaya ba. Babi na 122 layuka kaɗan ne, na 54 kuwa, labarin jirgin Town-Ho, shi kaɗai ya isa zama guda. Babukan farko, daga haɗuwar Ishmael, mai ba da labarin, da Queequeg, maharbin kifi, a garin New Bedford zuwa tashin jirginsu Pequod daga tsibirin Nantucket a babi na 22, gudu suke kamar ruwa, ana iya cinye su a mako biyu. Kyaftin Ahab bai bayyana ba sai babi na 28. Da an kai na 32, inda mai ba da labari ya ajiye labarin ya shiga rarraba jinsunan ƙaton kifin da Turawa ke kira whale, sai gwiwar mutane ta yi sanyi. A nan ya kamata a rage gudu, ba a yi ba.

Inda jagoran ya burge ni shi ne babukan sana'a, waɗanda mai karatu shi kaɗai yakan tsallake. Ya kawo zanen jirgin farauta da taswirar hanyar, ya nuna yadda ake naɗe igiyar mashi a cikin baho (babi na 60), yadda ake feɗe kitsen kifin kamar ɓawon lemo (na 67), da murhun bulo da ake narka kitsen a kan jirgi (na 96). Da mutum ya gane cewa man fitila ake nema, kuma Melville da kansa ya hau irin wannan jirgi, Acushnet, a 1841, sai ya daina ganin babukan a matsayin cikon shafi. An kuma karanta tarihin jirgin Essex, wanda irin wannan kifi ya nutsar a 1820.

Zaman babi na 9 ya fi kowanne armashi. Huɗuba ce a kan Annabi Yunus, bisa yadda Baibul ya kawo ƙissar, kuma duk wanda ya tashi da ƙissar tun makarantar allo yana da abin faɗa mai yawa a nan.

A kula da bugu. Na Landan na 1851 bai zo da rufewar ba, wadda ita ce ke bayyana yadda Ishmael ya tsira, kuma akwai taƙaitattun bugu da yawa a kasuwa. A ƙirga babukan kafin a saya, a nemi mai bayanin kalmomi a ƙasan shafi, domin Turancin na da ne, cike da kalmomin matuƙa jirgi. A riƙa ambaton babi maimakon shafi, tunda lambobin shafi sun bambanta.

Abu biyu suka ɓata min rai. Ba a aiko da tambayoyi kafin zama, shi ya sa mutum biyu ko uku ke mamaye magana. Sannan farautar kwana uku, babi na 133 zuwa 135, wadda duk littafin ita yake dosa, an cusa ta cikin zaman ƙarshe tare da wasu babuka takwas, aka ba ta abin da bai kai rabin awa ba.